Gajiyar Ƙarfe a Hanyar Maraɗi

Motar Alhaji Kalilu ta kwanta a gefen hanya da hantsi, ana dab da shigowa Jibiya daga wajen Maraɗi. Tsakiyar kakar gyaɗa ce, a shekarun nan da gyaɗar ƙasar Faransi ke bi ta nan zuwa jirgin ƙasa na Kano. Buhuna suka watse cikin gonar mutane. Ba a yi asarar rai ba. Abdu direba ya fito ta taga da tsaga a goshi, ya zauna kan buhu yana kallon tayar gaba, wadda ta shige ƙarƙashin mota kamar ƙafar raƙumin da ya durƙusa.

Kafin azahar labari ya game tasha. Alhaji Kalilu bai kira Abdu gida ba, bai ja shi gefe ba. A gindin tsamiyar da ke kusa da sandar kwastan, inda direbobi ke zaman jiran a duba kayansu, nan ya tsaya ya miƙa hannu.

"Gudu ne," in ji shi. "Ba komai ba ne, gudu ne. Ka hwaɗa rami da gudu, ka karya mani sifirin da bai shekara ba. Ba ni makulli."

Abdu ya ba shi. Duk wanda ke wurin ya san abin da aka yi. Masu motoci daga Katsina har Maraɗi sun san juna, kuma direban da aka karɓe wa makulli a bainar jama'a saboda gudu ba ya sake riƙe sitiyari a wannan hanya. Abdu kuwa tuƙi kaɗai ya iya, kuma tun da ya fara bai taɓa ko take kaza ba.

Direbobi suka bi shi da jaje. Wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce haka Allah ya so. Ba wanda ya tashi ya je ya dubi ƙarfen da ya karye. Halinmu ke nan. Abu ya lalace, sai mu lulluɓe shi da kalma mai tsarki mu koma inuwa, kamar dai Wanda ya ƙaddara bai ba mu idanu da hankali ba.

Mutum ɗaya ne ya tashi, Lawwali, ƙanen Abdu. Bai daɗe da dawowa daga makarantar koyon sana'a ta Kaduna ba, ya kafa rumfar gyaran mota a bakin tasha. Direbobi ba su cika kawo masa aiki ba, don ba ya gyara sai ya yi wa mutum faɗa tukuna. Ya ɗauki sifana da kwalbar kananzir, ya taka har inda motar ke kwance.

Sifirin na mota fallayen ƙarfe ne da aka jera kan juna, su ke ɗauke da nauyi tsakanin gangar jiki da taya. Fallen sama, wanda ya riƙe sauran, shi ne ya rabu biyu. Lawwali ya kwance guntayen, ya wanke bakin karayar da kananzir, ya juya shi ga rana.

Ƙarfen da duka ɗaya ya karya, bakinsa kaushi gare shi duka, yana ƙyalli kamar gishirin da aka fasa. Wannan ba haka yake ba. Mai kaushin ɗan gefe ne kawai, bai fi faɗin babban yatsa ba. Sauran duk sumul yake, ya yi duhu, da layuka a lanƙwashe suna bin juna kamar sawun ruwa a yashin gulbi. Lawwali ya bi layukan da farce, baya-baya, zuwa inda suka taso. Suka kai shi ga wata tsaga da aka sara da kurfi a saman fallen: zane uku da ɗaya a gicciye.

Ya san wannan zane. Duk Jibiya ta san shi. Da can wasu direbobi kan tsallaka iyaka da sabon sifirin, su musanya shi da tsoho a Maraɗi, su dawo ba wanda ya gane. Sai masu motoci suka ɗauki dabarar masu shanu, kowa ya sa ana yi wa ƙarfensa shaida. Zane uku da gicciye na Alhaji Kalilu ne. Mai sara shaidar kuwa maƙeri ɗaya ne a garin, Rabe, wan mahaifiyarsu, wanda ya riƙe su tun rasuwar ubansu.

Lawwali ya iske Abdu a zaure, an ɗaure masa goshi da ƙyalle. Ya ajiye guntayen a gabansa.

"Yaya, ba kai ka karya shi ba. Dubi nan. Wannan ƙarfe ya daɗe yana tsagewa kaɗan-kaɗan, kana tuƙi a kansa ba ka sani ba. Ramin da ka faɗa ɗan abin da ya rage kawai ya ƙarasa. Ko tafiyar jaki kake yi, da ya tafi, in ba yau ba gobe."

Abdu ya daɗe yana duban ƙarfen. Ya sa yatsa a kan zanen.

"Ka san hannun wa ke nan?"

"Na sani."

"To bar shi."

"In bar shi ka zauna a zaure? Matarka Barira da yara su ci mi?"

"In koma gona a ƙauyen Riko ya fi mani in ga an ja sunan Kawu a tasha. Kai ba ka da kunya ne, Lawwali?"

"Ina da ita. Amma akwai motoci a hanya yanzu haka da irin wannan zane a ƙarƙashinsu, da mutane zaune a kan buhuna. Kai ka fito ta taga. Na gaba fa?"

Lawwali ya tattara guntayensa. Abu ɗaya ya yarda da shi cikin maganar wansa: Kawu ba zai ji wannan daga bakin 'yan tasha ba.

Rabe yana bakin wuta yana fitar da bakin garma lokacin da Lawwali ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya ɗaga kai daga aiki don an yi magana. Lawwali ya faɗi abin da ya gani, bai rage ba. Ya ce a makaranta an nuna musu cewa ƙarfe na gajiya. In ana lanƙwasa shi yana komawa, ko da kaɗan ne, sau da yawa ba iyaka, sai ya nemi wuri mafi rauni ya fara tsagewa daga nan. Wurin da aka sare shi kuwa, nan ne ƙofa.

Rabe ya ajiye masaba.

"Ƙarhe ya gaji? Jaki ne?"

"Ba jaki ba ne, Kawu, amma yana gajiya."

"Kai, yaro. Ina sarar ƙarhe tun uwarka tana goye. Zanen da bai kai zurfin farce ba, a jikin ƙarhen da ya kai kaurin yatsa, shi zai kada mota? Wannan suka koya maka a Kaduna, ka dawo ka ce hannuna ya kusa kashe ɗan ƙanwata?"

"Ban ce ka sani ba. Ba wanda ya sani. Amma ka ba ni dama in gwada a gaban jama'a. In na yi ƙarya, in rufe rumfata in dawo in riƙe maka zugazugi har ka ce ya isa."

Rabe ya dube shi sama da ƙasa. "Da mi za ka gwada?"

Lawwali ya fito da siraran ƙarafan nan da ake ɗaure dilar atamfa da su, ya yanka guda huɗu tsayi ɗaya. Ya roƙi Rabe ya sara wa biyu shaida da hannunsa, biyu a bar su lafiya. Rabe ya ɗauki kurfi ya sara, a hankali, da kyau, kamar yadda yake yi wa kowane aiki.

"Ga shi nan," ya ce. "Zugazugina na jiranka."

Washegari da safe tasha ta cika. Alhaji Kalilu ya zo, aka kawo masa kujera. Da Lawwali ya nuna masa bakin karayar, ko karɓa bai yi ba.

"Motocina na hanyar Kano duk da wanga zane suke yawo," in ji shi. "Mi ya hana su karyewa? Ɗan'uwanka kake karewa, ban ga laifinka ba. Amma kada ka mai da ni yaro."

Wani direba mai suna Nagoggo, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya ba da motarsa don gwaji, don dai ya samu abin dariya. Lawwali ya ɗaure ƙarafan huɗu a gaban motar da noti, kowane da ɗan nauyi a bakinsa, suna tsaye kamar gashin bakin kyanwa. Aka tada inji. Ƙarafan suka kama rawa, rawa iri ɗaya, ba sauri ba jinkiri. Lawwali ya tsaya ya harɗe hannu. Ya tabbata masu zanen za su faɗi kafin rana ta yi zafi.

Rana ta yi zafi, ba abin da ya faɗi. Mai tallar fura ta zo ta sayar ta tafi. Inuwar tsamiya ta matsa, mutane suka bi ta. Ƙarafan suna nan suna rawarsu.

"Injiniya," in ji Nagoggo, "man nan ba daga rijiya nake ɗebo shi ba. Ko sai an kira makaɗa su taya su?"

Aka kwashe da dariya. Aka kashe inji. Rabe ya matso da ƙaramar guduma, ya ɗauki wani guntun ƙarfen mai zane ya buga shi nan, ya buga can, da ƙarfi da sauƙi, yadda rami ke bugun mota. Ƙarfen ya lanƙwashe, ya miƙe shi, bai karye ba. Ya jefa shi gaban ɗan ƙanwarsa.

Lawwali ya hango Abdu can bayan taro, kansa a ƙasa. Wani ya ce a kai yaron nan a yi masa rubutu ya sha, boko ya taɓa shi. Alhaji ya fara gyara riga zai tashi.

Lawwali ya ciro guntun sifirin daga aljihu, don dai ya samu inda zai sa idonsa. Sai ya lura da abin da ya wuce shi jiya. Layukan nan ba tazararsu ɗaya ba. Wasu sirara ne a matse, da yawa, sai kuma a sami ɗaya mai zurfi da ya yi tsalle gaba, sannan sirara su ci gaba daga inda ya tsaya. Ya tuna hanyar Maraɗi yadda take da rani. Tayoyi sun yi mata kunya-kunya a jere kamar gonar da aka yi wa huɗa, mota na bi tana karkarwa iri ɗaya ba hutu. A cikin wannan karkarwar kuma ramuka ne da duwatsu, ba wanda ya san inda na gaba yake ko girmansa.

"Alhaji, dakata!" Muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. "Ni na yi kuskuren gwaji. Na ba ƙarfen rawa ita kaɗai, Kawu ya ba shi duka shi kaɗai. A hanya ba a rabe suke zuwa ba. Gargada tana lanƙwasa shi ba tsayawa, yana cikin lanƙwasar sai rami ya zo ya ƙara a kai. Rami ya buɗe tsagar, gargada ta yi ta cinta, wani ramin ya sake buɗewa. Hanyar Kano ana bin ta da gyara, shi ya sa naka na can suke daɗewa. Su ma lokaci suke jira. A bar motar nan ta je Maraɗi ta dawo da ƙarafan nan a jikinta. Hanyar ta yi mana shari'a."

"In Nagoggo ya tsaya bayan gari ya karya maka su da hannu fa?" in ji Alhaji.

"Ni?" in ji Nagoggo. "Yaron da ya ce da ni ban iya sa giris ba, shi zan yi wa wannan taimakon?"

Rabe ne ya raba gardamar. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ni zan bi motar. In zauna gaba, idona a kansu. Wanda ke shakkar idona ya faɗa yanzu."

Ba wanda ya faɗa. Lawwali ya sake sababbin ƙarafa huɗu, Rabe ya sara biyu, aka ɗaura inda na cikin mota zai gan su ta gilashi. Dattijon da bai taɓa yarda ya hau mota ba sai dole ya tattare rigarsa ya hau. Aka ɗaga sandar kwastan, suka wuce.

Lawwali ya koma rumfarsa, amma bai iya aiki ba. Ya ɗauki sifana ya ajiye. Ya san in ƙarafan nan suka dawo lafiya, ba rumfarsa kaɗai ta tafi ba: ya tabbatar wa duniya da bakinsa cewa wansa mai ganganci ne, ya kuma ci mutuncin Kawu a banza. Abdu ya zo ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Da aka kira azahar suka tafi tare, suka dawo tare.

Bayan la'asar aka ji kukan motar Nagoggo. Kafin ma'aikacin kwastan ya gama zagaya ta, tasha ta kewaye ta. Lawwali bai iya kutsawa ba, sai ya tsaya a baya yana leƙe ta kafaɗun mutane. Ƙarafa uku ya hango a tsaye. Wurin na huɗu ɗan guntu ne kawai a jikin noti.

Nagoggo ya diro yana ba da labari tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. "Mushen duwan na can, ɗan kwastan ɗinsu, ya tare ni, ya nuna mota, wai mine ne wanga a gaban kamiyo? Na ce laya ce ta ƙarhe, sabon yayi daga Kaduna. Ya ce in samo mashi biyu!"

Rabe ya sauko a hankali, yana dafe da ƙugu. Mutane suka buɗe masa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙarfen da ya karye, ya ɗaga shi sama.

"Wannan ya hwaɗi muna dawowa, da kaya, bayan mun baro Ɗan Isa. Ba wanda ya taɓa shi. Ina kallonsa yana rawa, muka shiga wani rami da bai kai a kira shi rami ba, sai ya tahi. Na sa aka tsaya na ɗauko shi." Ya juya bakin karayar ga jama'a. "A kan zanena ya rabu. Ba sama ba, ba ƙasa ba."

Ya taka zuwa gaban motar, ya kama ɗaya mai zanen da ya rage da yatsu biyu, ya ɗan karkata shi. Ya ɓalle a hannunsa kamar busasshen kara. Ya kama marasa zanen ya lanƙwasa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Suka lanƙwashe, suka tsaya.

Rabe ya nemi Lawwali da ido har ya same shi.

"Zo nan, kai. Mi kake ɓoyo a baya?" Ya kama shi a kafaɗa ya juyo da shi ga taro. "Wanga ɗan ƙanwata ne. A maƙerata ya fara riƙe awartaki kafin Kaduna ta gan shi, kowa ya sani. Daga yau kurfina ba ya sake hawa sifirin kowa. Mai son shaida ya sayi fenti."

Duk faɗan da Lawwali ya tanada, na direbobi da na masu motoci, ya neme shi ya rasa.

Alhaji Kalilu ba mutum ne mai saurin sauka ba. Ya ce ƙarfen dila daban, sifirin daban. Lawwali ya nemi izinin duba wata motarsa da ke tsaye tana jiran kaya. Ya shiga ƙarƙashi, ya wanke wurin zanen da kananzir, ya goge, ya shafa alli, ya ƙwanƙwasa da guduma. Aka jira kaɗan. Wani siririn layi mai duhu ya fito a cikin farin allin, ya taso daga ƙarshen zanen ya nufi gefen ƙarfen: kananzir ne da ya shige cikin tsaga yake dawowa. Alhaji ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a ƙasa a gaban kowa, ya leƙa. Motar nan da asuba za ta tashi, kuma ɗansa na fari ne zai bi ta.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya laluba aljihu. Ya miƙa wa Abdu makulli ba tare da ya dube shi ba.

Abdu bai karɓa ba. Ya sa hannuwansa a baya.

"Ranka shi daɗe, a nan ka ce gudu ne. Mutanen da suka ji, ga su nan."

Alhaji ya dubi tsamiya, ya dubi direbobi. Hannunsa na nan a miƙe.

"Ba gudu ba ne," ya ce.

"Ba mu ji ba daga nan baya, Alhaji," in ji Nagoggo. "Hanyar nan ta toshe mani kunne."

"Na ce ba gudu ba ne! Ba laifin Abdu. Karɓi, kada hannuna ya gaji shi ma."

Abdu ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya yadda ya kamata. Ya jefa makullin a aljihu, ya tuɓe rigarsa ya rataye a madubin motar. Direbobi sun riga sun fara jan Lawwali ta kowane gefe, kowa na son a fara duba tasa.

"Ku bi layi," in ji Abdu. "Injiniya, ba ni allin nan. Nuna mani inda ake shafawa."